Layin da Ban Ja Ba

Jirgin asuba daga Vatra Dornei,
ƙanƙara ta binne itatuwan tsauni har wuya.
Mu shida ne a ɗaki guda na tarago:
ni, da Malam Prisăcaru yana gyangyaɗi,
tsohuwa da kwandon cuku, soja mai hutu,
da wasu biyu da ko gaisawa ba mu yi ba.
Inna ta cusa mini tuffa a aljihu,
ta ce, "Ilinca, in kin rasa amsa, ki ci wani abu."

A Suceava aka ba mu awa uku, tambaya huɗu.
Bututun ɗumama ɗaki yana ta tari kamar mai mura.

Aljabra ta fara shigowa, da fara'arta:
lamba da ɗaya-bisa-ita sun haɗu sun ba da uku,
nawa za su bayar in kowacce ta hau hawa na biyar?
Na taka tsani, bakwai, sha takwas,
na ninka, na zare uku,
ɗari da ashirin da uku.
Ban ko cire safar hannun hagu ba.

Ta biyu ta ce: jera kowace lamba sau biyar ki ninka,
ki cire ta, talatin za ta raba abin da ya rage.
Na gwada bakwai don in ji ɗumin ruwan.
Ta yi doguwar tafiya, ta dawo da wutsiyarta,
bakwai ɗin dai a ƙarshe.
To goma ta shigo ke nan.
Uku kuwa, a duk maƙwabta uku da ke jere
ɗaya tata ce, ba ta ɓuya.

Ta uku ta ba ni dariya, mai gadin jarrabawa ya harare ni.
Wai cikin mutum shida, dole a sami uku da suka san juna
ko uku da ba su taɓa haɗuwa ba.
Ai daga cikinsu na sauko ɗazu!
Na zaunar da sojan a tsakiya,
na raba sauran biyar gida biyu,
gida ɗaya tilas ya kwashi uku.
Daga nan hanya ta miƙe.

Sai alwatika a cikin da'ira.
A nuna tsayin nan ninki biyu ne na wancan.
Saura awa guda da kwata.
Na auna, gaskiya ne, amma awo ba hujja ba ne.
Na bi kusurwa, ta kai ni ga wata kusurwa,
ita kuma ta maido ni inda na tashi.
Horia na Rădăuți, a gabana, ya ajiye alƙalami ya miƙe ƙafa.
Na ci tuffar har ƙwallonta.
Na goge takarda har ta huje.
Aka ce a tashi.

Da magariba, a jirgin dawowa,
numfashinmu ya lulluɓe gilashin taga.
Na zana da'irar da yatsa, don haushi kawai,
na ja layi daga ƙololuwa, ta cibiya, har ɗaya gaɓar.
Wayyo.
Ga gefe huɗu sun fito, biyu-biyu kafaɗa da kafaɗa
kamar dogon da muke gudu a kansa,
ga rabin da na nema yana zaune a tsakiya
tun safe, bai je ko'ina ba.

Na taɓa hannun Malam.
Ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo,
ya gyara mini harafi ɗaya da ɗan yatsansa.
"Wannan maki bakwai ne," in ji shi,
"amma taga ba ta zuwa gaban alƙalai."

Kafin mu kai Câmpulung zanen ya fara zuba,
da'irar ta yi hawaye ta gangare.
Na huro sabon numfashi a gilashin,
na sake ja daga farko.